Rikicin Karabakh: me ya sa jaridar kowace ƙasa take kawo labarin da kalarsa daban?

Malam, tambayarka ita ce lokacin yaƙin Nagorno-Karabakh ka riƙa bin labarin a wurare daban-daban, kafofin Turkiyya na cewa Azarbaijan na ƙwato ƙasarta daga hannun 'yan mamaya, na Faransa na cewa ana korar Kiristoci daga ƙasar kakanninsu, na Rasha kuma suna ɗora laifin a kan firaministan Armeniya, shi ne kake so ka san wa ke faɗin gaskiya a cikinsu, kuma wai shin da gaske faɗan addini ne kamar yadda aka riƙa yaɗawa a Facebook. Toh zan amsa maka gwargwadon abin da aikin tace labaran ƙetare ya koya min, sai dai ka yi haƙuri don abin zai ɗan yi tsawo.

Mafi yawan jaridun nan ba ƙarya tsagwaronta suke zabgawa ba, abin da ya sa gano su yake da wuya ke nan. Idan ka ɗauki labarin Daily Sabah ta Turkiyya da na Le Figaro ta Faransa ka bi su layi-layi, za ka tarar kusan duk ranakun da suka ambata da garuruwan da suka lissafa gaskiya ne. Aikin yana faruwa ne a wajen zaɓe: daga wace shekara aka fara ba da labarin, gawar wa aka ƙirga, wane suna aka kira garin da shi, sannan me aka yi shiru a kansa. Duk wanda ya taɓa zama a gaban dagaci ana shari'ar iyakar gona ya san wannan, ɗaya zai fara daga ranar da aka tuge masa shuka, ɗayan ya ce a'a ranka ya daɗe a koma shekarar da kakansa ya ba da aron wurin, kuma duk su biyun suna iya rantsuwa ba tare da sun yi kaffara ba.

Bari in ɗan shimfiɗa maka ƙashin bayan abin tukuna. Yankin ƙarami ne, kusan murabba'in kilomita 4,400 na tsaunuka a kudancin Kaukasus. A 1921 'yan Bolshebik suka yanke a bar shi cikin Azarbaijan, a 1923 aka ba shi ƙwarya-ƙwaryar cin gashin kai a cikinta, alhali mafi yawan mazaunansa Armeniyawa ne, ƙidayar 1989 ta nuna su kusan kashi 77 cikin ɗari. A Fabrairun 1988 majalisar yankin ta nemi a haɗe su da Armeniya, daga nan wuta ta kama, Tarayyar Sobiyet na rushewa ya zama cikakken yaƙi har zuwa tsagaita wutar Mayun 1994, mutum wajen 30,000 suka mutu. Armeniyawa suka yi nasara, kuma ba yankin kawai suka riƙe ba, sun haɗa da gundumomi bakwai na kewaye waɗanda mazaunansu kusan duk 'yan Azarbaijan ne, irin su Agdam da Fuzuli da Kelbajar da Lachin, mutum sama da 500,000 suka bar gidajensu. Kafin nan kuma Armeniyawa sama da 300,000 sun gudu daga Azarbaijan, 'yan Azarbaijan wajen 200,000 sun gudu daga Armeniya. A 2020 Azarbaijan ta dawo da ƙarfinta, yaƙin kwana 44 daga 27 ga Satumba zuwa 10 ga Nuwamba, ta karɓe gundumomin da wani ɓangare na yankin, sannan a Satumban 2023 ta gama da sauran cikin kwana ɗaya, Armeniyawa sama da 100,000 suka kwashe kayansu suka tsallaka Armeniya cikin mako guda. Wannan kowa ya yarda da shi. Daga nan ne hanya take rabuwa.

Ɗauki jaridar Yereban, wato babban birnin Armeniya. Agogonta yana farawa ne daga 1915, kisan ƙare dangin da Daular Usmaniyya ta yi wa Armeniyawa, sai 1920 da aka ƙone unguwar Armeniyawa a Shusha, sai garin Sumgait na Azarbaijan a ƙarshen Fabrairun 1988 inda gungun mutane suka bi gida-gida suna kashe Armeniyawa, alƙaluman hukuma suka ce mutum 32 ne suka mutu, 26 daga ciki Armeniyawa, sai kuma irin wannan kisan a Baku, babban birnin Azarbaijan, a Janairun 1990. Wanda aka jera masa waɗannan a jere ba sai an gaya masa komai ba, da kansa zai ce ai mutanen nan ba za su iya zama ƙarƙashin Baku ba, neman tsira suke yi. Yanzu ɗauki ta Baku. Nata agogon yana farawa daga 1828, yarjejeniyar Turkmenchay wadda bayanta Rasha ta kwaso Armeniyawa daga Iran ta zaunar da su a yankin, sai kashe-kashen Maris 1918 a Baku, sai korar 'yan Azarbaijan daga Armeniya, sai babban ciwon, wato Khojaly, daren 25 wayewar 26 ga Fabrairun 1992 da aka buɗe wa farar hula masu gudu wuta cikin dusar ƙanƙara, gwamnatin Azarbaijan ta ce mutum 613, ƙungiyar Human Rights Watch ta tabbatar da aƙalla 161 kuma ta ɗora alhakin a kan mayaƙan Armeniya. Wanda aka jera masa waɗannan shi ma da kansa zai ce ai mamaya ce kawai da zalunci. Duk ƙarshen Fabrairu za ka ga abin da idonka, kafofin Baku sun cika da hotunan Khojaly babu ko kalma ɗaya kan Sumgait, na Yereban sun cika da Sumgait babu Khojaly, in ma an ambata to don a ce makirci ne, kwana biyu kacal ke tsakanin ranakun tunawar biyu.

Sunayen garuruwa su ma tuta ce. Babban birnin yankin Stepanakert ne a bakin Armeniyawa, Khankendi a bakin 'yan Azarbaijan, Shushi da Shusha gari ɗaya ne, Berdzor da Lachin ma haka, yankin gaba ɗaya Armeniyawa Artsakh suke ce masa. Edita a Landan ko Legas ba shi da mafaka, duk wanda ya rubuta ya riga ya ɓata wa wani rai, shi ya sa manyan kamfanonin dillancin labarai irin Reuters da AFP da AP suka koma maimaita jimla guda a kusan kowane labari, cewa duniya ta amince yankin na Azarbaijan ne amma Armeniyawa ne ke zaune a ciki suke kuma mulkinsa. Ita ma jimlar ba ta tsira ba. 'Yan Azarbaijan suna cewa don me Kirimiya da Abkhaziya a jaridun Yamma ake ce musu yankunan da aka mamaye, namu kuma sai a ce yankin da ake taƙaddama a kai, bayan Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fitar da ƙudurori huɗu a 1993, masu lamba 822 da 853 da 874 da 884, yana neman a janye daga gundumomin? Armeniyawa kuma suna cewa don me Kosobo da ta ɓalle daga Sabiya aka tafa mata, mu kuma kullum 'yan aware? Duk su biyun suna da hujja, kuma ni a ganina ƙorafin farko ya fi ƙarfi idan ana maganar gundumomi bakwai ɗin, na biyu ya fi ƙarfi idan ana maganar ainihin yankin, amma jarida mai sakin layi takwas ba ta da wurin raba waɗannan biyun, sai ta cakuɗa su. Ka kuma riƙe wannan, ita kanta Armeniya ba ta taɓa amincewa da Artsakh a hukumance a matsayin ƙasa ba, abin da ba kasafai masu goyon bayanta suke faɗa ba.

Alƙaluma ma haka. Shekara da shekaru kafofin Baku suna maimaita kashi 20 cikin ɗari na ƙasarmu da 'yan gudun hijira miliyan ɗaya, har jaridun waje suka riƙa kwafa, masu bincike da suka auna taswira suka samu kusan kashi 14. Kashi 14 ɗin ma ai ba wasa ba ne, amma 20 ya fi daɗin faɗa.

Toh sai mu zo ƙasashen waje, inda tambayarka ta fi karkata.

Turkiyya ba ta ɓoye komai, taken da ake yawan ji tsakaninta da Azarbaijan shi ne al'umma ɗaya ƙasa biyu, harshensu kusan ɗaya ne, ta rufe iyakarta da Armeniya tun 1993 saboda wannan rikicin, jiragenta marasa matuƙi ƙirar Bayraktar TB2 na daga cikin abin da ya karya Armeniyawa a 2020, Erdogan da kansa ya je faretin nasara a Baku ranar 10 ga Disamban shekarar. Don haka Anadolu da TRT da Sabah da Yeni Safak labarin 'yantarwa suke bayarwa, kullum za ka ga tsoho ɗan gudun hijira yana kuka a kan kangon gidansu bayan shekara kusan talatin, da masallacin Agdam da aka mayar wurin ɗaure dabbobi, da makamai masu linzami da suka faɗa kan gidajen mutane a birnin Ganja na Azarbaijan cikin Oktoban 2020, da harin garin Barda na 28 ga Oktoba da ya kashe mutum 21. Duk wannan ya faru wallahi. Abin da ba za ka gani ba shi ne babbar majami'ar Shusha da aka kai wa hari sau biyu a rana ɗaya, 8 ga Oktoba, ko bama-bamai masu tarwatsewa da aka zuba wa Stepanakert, ko bidiyoyin yankan fursunoni. Da Reuters da Guardian suka kawo rahoton an ɗebo mayaƙan haya daga Siriya ta hannun Turkiyya, Ankara da Baku suka musanta, jaridun Turkiyya kuma suka mayar da martani da nasu labarin cewa mayaƙan PKK, ƙungiyar Kurdawa da ke yaƙar Turkiyya, na taimakon Armeniya.

Faransa kuma kifar da hoton kawai za ka yi. Akwai Armeniyawa dubban ɗaruruwa a can, a Marseille da Lyon da kewayen Paris, jikokin waɗanda suka tsira a 1915, suna da ƙuri'a suna da murya, ga kuma tsamin dangantaka tsakanin Macron da Erdogan a daidai lokacin, kan Libiya da tekun Bahar Rum da maganar zanen ɓatanci. Jaridun masu ra'ayin riƙau irin Le Figaro da Valeurs Actuelles suka ɗauki abin a matsayin labarin Kiristocin Gabas, tsohuwar al'ummar Kirista da Turkawa suka kewaye, hotunan su ne limamin coci da gemu a ƙofar tsohuwar majami'ar Dadibank, da Armeniyawan da ke zaune a Kelbajar suna cinna wa gidajensu wuta kafin su fita don kada su bar wa abokan gaba. Ba kasafai ake gaya wa mai karatu cewa waɗanda suke ƙone gidajen a Kelbajar bayan 1993 suka zo ba, kuma masu garin na asali suna can an tsugunar da su a wasu wurare tun lokacin. Le Monde ta fi su taka-tsantsan, wakilanta biyu ma sun ji rauni a garin Martuni a farkon Oktoban 2020, amma iskar ƙasar gaba ɗaya ɓangare ɗaya take kaɗawa, har majalisar dattawa ta kaɗa ƙuri'a 305 da 1 ranar 25 ga Nuwamban 2020 tana neman gwamnati ta amince da yankin a matsayin ƙasa. Ka tuna fa a lokacin Faransa tana cikin masu shiga tsakani uku na rukunin Minsk, wanda aka kafa don sasanta rikicin, tare da Rasha da Amurka. Baku ta rama ta hanyar da 'yan'uwanmu na Nijar za su gane da sauri, kwatsam kafofinta suka zama masu kishin yaƙi da mulkin mallakar Faransa, yau Aljeriya gobe Sabuwar Kaledoniya, har ministan cikin gidan Faransa ya fito a Mayun 2024 yana zargin Azarbaijan da hura wutar tarzomar can. Abin da suke faɗa kan Faransa akwai gaskiya a ciki, amma ruwa ba ya tsami banza, ba son Afirka ne ya tashe su ba.

Rasha ita ce mai ban sha'awa, don nata labarin yana canza riga da yanayi. Ita ce ƙawar tsaron Armeniya a takarda, tana da sansanin soja a garin Gyumri na Armeniya, amma kuma ta yi shekaru tana sayar wa ɓangarorin biyu makamai. Tun da firaministan Armeniya Nikol Pashinyan ya hau mulki ta hanyar zanga-zanga a 2018 Kremlin ba ta sake jiki da shi ba, shi ya sa a gidajen talabijin ɗin gwamnati labarin bai zama na Armeniya da Azarbaijan ba, ya zama na abin da ke samun wanda ya juya wa Mosko baya. Margarita Simonyan shugabar tashar RT ta gwamnatin Rasha, wadda ita kanta asalinta Ba'armeniya ce, ta riƙa caccakarsa har aka hana ta shiga Armeniya a 2022. A 2020 jarumin labarin shi ne Putin mai sulhu da sojojin kiyaye zaman lafiya 1,960 da ya tura. A 2023 da sojojin nan suka tsaya suna kallo aka kwashe yankin, sai labarin ya koma ai Pashinyan ne da bakinsa ya amince Karabakh na Azarbaijan ne a taron Prague na Oktoban 2022, mu me za mu yi, jaridar Meduza mai gudun hijira ma ta wallafa cewa umarni aka raba wa kafofin gwamnati su ɗora laifin a kan Armeniya da ƙasashen Yamma. Maganar cewa yaƙin Yukren ya cinye ƙarfin Rasha kuma tana buƙatar Baku da Ankara don kasuwancinta, wannan babu ita a talabijin.

Yanzu ga inda maganar addini take rushewa. Azarbaijan ƙasa ce mai rinjayen 'yan Shi'a, gwamnatinta kuma ba ruwanta da addini, har takura wa masu wa'azi take yi. Da addini ne ma'auni da Iran ce ta farko a bayanta. Amma Iran ta fi ɗasawa da Armeniya ta Kirista, saboda tana da miliyoyin 'yan ƙabilar Azeri a arewacinta kuma tana tsoron kishin Turkanci ya tsallako kogin Aras da ya raba ta da Azarbaijan, ga kuma Isra'ila da ta yi kane-kane a Baku. Jaridun Tehran sai suka riƙa tafiya a kan siraɗi, Ayatullah Khamenei ya ce a farkon Nuwamban 2020 dole a mayar wa Azarbaijan ƙasarta a kuma kare lafiyar Armeniyawa, amma kanun labaransu sun fi damuwa da 'yan takfiriyya da aka kawo bakin iyaka da kuma hannun yahudawan sahayoniya. Da Erdogan ya karanta wasu baitoci kan kogin Aras a faretin Baku, Tehran ta kira jakadan Turkiyya, jaridunta suka yi masa ca. Ita kuwa Isra'ila, cibiyar SIPRI mai bin diddigin cinikin makamai ta ƙiyasta kashi 69 cikin ɗari na manyan makaman da Azarbaijan ta shigo da su tsakanin 2016 da 2020 daga can suka fito, tana kuma sayen man Azarbaijan, jaridar Haaretz ce ma ta bankaɗo a 2023 yawan jiragen dakon kaya da ke tashi daga sansanin Ovda zuwa Baku. Ka ga ke nan jirgi mara matuƙi na Isra'ila da na Turkiyya a sahu ɗaya, Iran a ɗaya gefen tana hararar su. Pakistan na bayan Baku, shekara da shekaru ma ba ta amince da Armeniya a matsayin ƙasa ba sai a 2025, don haka Indiya ta shiga sayar wa Armeniya makaman roka ƙirar Pinaka, kafofin Indiya kuma suna ba da labarin kamar reshen rikicin Kashmir ne. Ƙungiyar OIC ta daɗe tana fitar da ƙudurorin goyon bayan Azarbaijan, wannan gaskiya ne, kuma ɓangarorin biyu suna amfani da addini idan suna neman magoya baya a waje, Baku ta nuna wa Musulmi masallaci, Yereban ta nuna wa Turawa coci. Amma faɗan na ƙasa ne da ƙabila.

Birtaniya da Amurka nasu salon daban. A nan matsalar ba zafin goyon baya ba ce, rashin kulawa ce. Shekaru 26 ana kiran abin daskararren rikici, alhali kusan kowace shekara ana kashe samarin sojoji a bakin daga, a Afrilun 2016 ma an yi kwana huɗu ana gwabzawa. Idan ya fashe sai a ba da shi a matsayin wasan manya, Rasha da Turkiyya na gwada ƙwanji, bututun mai na Baku zuwa Ceyhan ta Turkiyya yana cikin haɗari ko a'a, mutanen wurin su zama 'yan rakiya. Kamfanin BP shi ne babban mai zuba jari na waje a Azarbaijan, a Yulin 2022 kuma shugabar Hukumar Tarayyar Turai Ursula von der Leyen ta je Baku ta sa hannu kan ƙarin iskar gas ta kira ƙasar abokiyar hulɗa abin dogaro, wannan duk yana shafar irin nauyin da gwamnatoci ke ba labarin, jarida kuma sau da yawa bin sawun gwamnatinta take yi wajen auna me ya isa shafin farko. A Amurka Los Angeles Times ta fi sauran bin abin saboda Armeniyawan Glendale da kewaye, waɗanda suka tare babbar hanya a Oktoban 2020 suna zanga-zangar cewa kafofin labarai sun yi watsi da su. A gefe guda kuma Guardian na cikin jaridun da suka tona asirin dala biliyan 2.9 da aka wanke daga Azarbaijan aka riƙa shafa wa wasu 'yan siyasar Turai, a 2017, don haka kar ka ce duk bakinsu ɗaya.

Akwai wani abu da mai karatu ba ya gani sam, shi ne ta ina wakilin ya shiga. Kafin 2020 hanya ɗaya ce zuwa Stepanakert, ta Armeniya, kuma duk wanda ya bi ta ba da izinin Baku ba sai a sa sunansa a baƙin littafi, wani mai rubutu a intanet Alexander Lapshin har kamo shi aka yi daga Belarus a 2017 aka ɗaure shi a Baku. Lokacin yaƙin 2020 shiga ta ɓangaren Armeniya ya fi sauƙi, shi ya sa hotunan mata da yara a ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Stepanakert suka cika jaridun Turai, a ɓangaren Azarbaijan kuwa an toshe kafofin sada zumunta, ɗan jarida ba ya motsi sai da ɗan rakiyar gwamnati. Bayan yaƙin sai abin ya juye, Baku ta riƙa kwasar 'yan jarida a bas tana zagayawa da su kangon Agdam da Fuzuli, lokacin da 'yan Azarbaijan suka toshe hanyar Lachin kuma, wadda ita kaɗai ta haɗa yankin da Armeniya, daga 12 ga Disamban 2022 har wata tara kusan babu ɗan jaridar waje da ya iya shiga, ana layin burodi tun asuba a Stepanakert amma babu kyamarar manyan kafofin waje da za ta nuna wa duniya. Kafofin Baku suka ce masu fafutukar kare muhalli ne ke zanga-zanga kan haƙar ma'adinai, kuma ga hanyar Agdam a buɗe an ƙi karɓa, Kotun Duniya dai ta ba da umarni a Fabrairun 2023 a buɗe hanyar, ba a buɗe ba. Da aka zo ficewar Satumba, Baku ta ce da ƙafarsu suka tafi ba wanda ya kore su, Majalisar Turai ta ce share ƙabila ne, kamfanonin dillanci suka tsaya a kan kalmar ƙaura. Ni dai a nan ba na tsakiya, mutanen da aka yi wa wata tara da yunwa sannan aka yi musu ruwan wuta, ba za ka ce tafiyar ganin dama suka yi ba, kamar yadda ba zan ce mutanen Kelbajar da suka tsallaka tsaunin Murov cikin sanyi a 1993 yawon shan iska suka fita ba.

Kar kuma ka auna jaridun ƙasashen biyu da mudu ɗaya. A jadawalin 'yancin jarida na ƙungiyar kare 'yan jarida ta RSF na 2024 Armeniya tana ta 43, Azarbaijan ta 164 cikin 180. A Yereban akwai irin su Hetq da CivilNet da ke iya yi wa gwamnati tsirara, a Baku an kama ma'aikatan kafar labarai ta Abzas Media tun ƙarshen 2023 aka yanke musu shekaru a 2025, masu zaman kansu irin Meydan TV daga Berlin suke aiki. Labarin Ramil Safarov ya isa misali, hafsan sojan Azarbaijan da ya sare wani hafsan Armeniya Gurgen Margaryan da gatari yana barci a wajen wani kwas na NATO a Budapest a 2004, Hungary ta yanke masa ɗaurin rai da rai, da aka mayar da shi gida a 2012 aka yafe masa a ranar, aka ƙara masa girma aka ba shi gida, kafofin gwamnati suka karɓe shi a matsayin gwarzo. Amma 'yancin Armeniya ma bai hana ta faɗawa rami ba, a 2020 dokar soja ta hana wallafa komai kan fagen daga sai abin da hukuma ta faɗa, kullum wakilin ma'aikatar tsaro yana fitowa da taken za mu yi nasara, mutane suka yarda, sai kawai suka farka cikin daren 10 ga Nuwamba suka ji an sa hannu kan takardar shan kaye, fushin ya sa suka fasa majalisa suka lakaɗa wa kakakinta Ararat Mirzoyan duka.

Mu da muke samun labarin da Hausa, yawanci ta hannu na uku yake iso mana, sashen Hausa na BBC ko RFI ko DW ko TRT Afrika ko rediyon Iran, kowanne yana ɗauko shi daga babban ɗakin labaran gidansu ko daga kamfanin dillanci ya fassara, don haka zaɓen da aka yi a Landan ko Paris ko Istanbul ko Tehran yana biyo shi har cikin kunnenka ko da mai fassarar bai nufi komai ba. Idan ka ci karo da irin wannan labarin, duba sakin layin tarihi da ake saƙalawa can ƙasa ka ga da wace shekara ya fara, duba ko an ambaci 'yan gudun hijirar ɓangare ɗaya an bar na ɗayan, duba daga wane gari wakilin ya aiko, sannan ka nemi irin OC Media ko Eurasianet waɗanda ke da marubuta daga ɓangarorin biyu ka gwada.

Ko taron 8 ga Agustan 2025 a Fadar White House, inda shugaban Azarbaijan Aliyev da Pashinyan suka zauna da Trump aka sa hannun farko kan daftarin zaman lafiya da kuma hanyar da za ta ratsa kudancin Armeniya ta haɗa Azarbaijan da Nakhchivan, wani yankinta da Armeniya ta raba da sauran ƙasar, haka aka raba shi. A Amurka labarin Trump ne da ko zai samu kyautar Nobel, a Mosko labarin an ture Rasha daga unguwarta ne, a Tehran labarin Amurkawa sun iso bakin iyaka, a Ankara hanyar kasuwanci zuwa tsakiyar Asiya, a Baku cikar nasara. A Yereban kuwa jaridun gwamnati da na adawa suka rabu, waɗancan na cewa an tsira da abin da ya rage, waɗannan na tambayar ina maganar tsoffin shugabannin Karabakh irin Ruben Vardanyan da ke tsare a Baku, da kuma komawar mutum 100,000 ɗin, wadda ko ambatonta ba a yi a takardar ba.